Haraji da Jangali a Ƙasar Guri

Duk wanda ya haura shekara sittin a ƙasar Guri ya san lokacin da kaka ke zuwa tare da mai karɓar haraji. Da an gama yankan gero, bulama zai fara bi gida-gida da jerin sunayen magidanta da samarin da suka isa riƙe fartanya. Abin da ya tara ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan sai baitulmali a Haɗeja.

Ba Turawa ne suka kawo biyan sarki ba. Tun kafin zuwansu akwai zakkar hatsi da kuɗin ƙasa da jangali, masunta ma suna fitar da rabon masu ruwa. Abin da ya sauya bayan 25 ga Afrilu 1906, ranar da sojojin Ingila suka kashe Sarki Muhammadu a yaƙin Haɗeja, shi ne an dunƙule yawancin waɗannan wuri guda, an rubuta su a littafi, daga baya kuma aka ce da kuɗin Bature za a biya, ban da wuri, ban da dami. Wannan sharaɗi ya fi yawan kuɗin kansa tasiri. Mutumin da rumbunsa ke cike amma ba shi da sule dole ya nemo abin sayarwa. Da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya ratsa Malam Madori da Birniwa, sai gyaɗa da bandar kifi suka samu hanya, wanda ba shi da ko ɗaya kuma ya ɗauki sanda ya tafi cin rani.

Da farko gwamnatin Turawa tana ɗaukar rabin abin da aka tara, rabi ya zauna a baitulmalin En'e. Kaso mafi tsoka na wannan rabin albashi ne, na sarki da hakimai da alƙalai da dogarai. Abin da ya rage shi ake yi wa makarantar elementare da ɗakin shan magani da rijiya, su ma galibi a garin hakimi suke tsayawa. Ƙauyen da ke tsakiyar fadama, wanda damina ke yanke shi daga kowa, ba ya ganin hukuma sai ranar karɓa.

Kakana a cikin kube na fata yake ajiye takardar harajinsa, kamar laya, domin matafiyin da ba ya ɗauke da ita ana iya tsare shi a hanya. Ya sha ba mu labarin yadda ake shanya wanda ya gaza biya a rana a gaban jama'a, har sai dangi sun sayar da akuya sun fanshe shi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya san adadin abin da ya biya kowace shekara har kwabo, kuma idan ana zancen rijiyar da ta rufta cewa yake yi, ina kuɗinmu? Fulani kuwa tasu dabarar daban: lokacin ƙirgen jangali sai a raba garke, wani sashe ya nutsa cikin fadama, wani ya tsallaka ƙasar Bade.

A kan wannan wulakanci jam'iyyar NEPU ta gina siyasarta tun daga 1950, kuma almajiran jagoranta Malam Aminu Kano ba su manta ba. A Oktoban 1979, da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Jihar Kano ƙarƙashin jam'iyyar PRP, lokacin Haɗeja tana cikinta, ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Ban taɓa jin dattijon da ya yi kewar bulalar dogari ba, ni ma ina ganin sokewar daidai ce. Sai dai a faɗi gaskiya, kuɗin man fetur ne suka ba da wannan dama, domin kason da ke zuwa daga Legas ya riga ya shafe abin da ake tatsa a ƙauyuka. Hukumar da ba ta dogara da aljihun manomi ba kuwa, ba lallai ne ta saurare shi ba.

Jihar Jigawa da aka kafa a 1991, inda Guri take yanzu, da kason tarayya take rayuwa. A 2007 Gwamna Sule Lamido, shi ma ɗan gidan PRP, ya fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma, kuma ya ɗaure abin da doka. Dokar ce ta burge ni, don ta mai da shi haƙƙi. Mafi yawan abin da ake kira tallafi a yau, buhun shinkafa ko taki ko kayan agajin ambaliya, da hoton wani yake zuwa, a karɓa a yi godiya.

Alhali talakan Guri bai daina biya ba. Yana biyan harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari a kan katin waya da siminti, yana biyan kuɗin tikiti a kasuwa da tasha, tun Mayun 2023 kuma cire tallafin mai ya hau kan kowane injin ban-ruwa da ke bakin kogi. Da gwamnonin Arewa suka tayar da jijiyar wuya a 2024 kan ƙudurorin gyaran haraji, rigimar ta yadda za a raba kuɗin tsakanin jihohi ce. Ban ji an tsaya kan nawa zai gangaro ƙauye ba.

Akwai kuma wani biyan: tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyar kogin ta rikice, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe. Shekara da shekaru mutanen ƙauyukanmu ke haɗa kuɗi da hatsi, su fito gayya da lauje da kwalekwale su buɗe magudanar da kansu. Aikin hukuma ne suke yi da guminsu, kuma babu littafin gwamnati da aka rubuta shi a ciki.