Tramol da tseren keke: tarihi a taƙaice

1/ Kun san tramol ɗin nan da ake sha a unguwanninmu ya taɓa jawo wa babban ɗan tseren keke asarar matsayinsa? Ku biyo ni. 🧵

2/ Ƙwaya a tseren keke ba yau ta fara ba. Ranar 13 ga Yuli 1967, Tom Simpson ɗan Ingila ya yanke jiki ya faɗi a dutsen Ventoux ana tsaka da gasar Tour de France. Faɗuwar da bai tashi ba kenan. An samu amfetamin da giya a jikinsa.

3/ Lance Armstrong na Amurka ya faro ne daga gasar ninƙaya da keke da gudu. Ya lashe Tour sau 7, daga 1999 zuwa 2005. A 2012 aka ƙwace duka.

4/ Sai tramol. Yana danne ciwo, amma yana sa jiri, ga mutane na gudu kafaɗa da kafaɗa. Hukumar UCI ta hana shi a 2019. A 2022 aka soke sakamakon Nairo Quintana ɗan Kolombiya, wanda ya zo na 6. Ya musanta, kotun wasanni ta tabbatar da hukuncin. WADA ta haramta shi a gasa daga 2024.

5/ Wanda ke sha don noma a Gagarawa, ko dako a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, hujjarsa ɗaya da tasu: "ƙarfi nake nema". To, ba ƙarfi yake ƙarawa ba, gajiyar yake ɓoyewa. Su can akwai likita a bayansu. Kai in farfaɗiya ta kayar da kai a gona, wa zai ɗauke ka?