Riga-kafin Cutar Kwamfuta

Mene ne shi?

Cutar kwamfuta, wadda ake kira birus, muguwar manhaja ce da ke ɓata, ko ɓoye, ko sace abin da aka ajiye a cikin na'ura. Riga-kafinta shi ne antibirus, kamar Avast da Kaspersky da Microsoft Defender. Aikinsa irin na mai gadi ne: yana binciken duk abin da ya shigo.

Ta ina cutar ke shigowa?

A garuruwan Damargu, kamar Tanut da Balbeji, cutar na iya kama kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet ba. Kile ko katin memori da aka kai wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa kan dawo da ita. Ta haka sakataren bankin cimaka zai iya wayar gari ya tarar sunayen masu bashin hatsi sun ɓace.

Mai gadi ma yakan yi kuskure

Wani lokaci antibirus yakan ɗauki fayil mai lafiya a matsayin cuta. A watan Afrilu na 2010, antibirus na McAfee ya kama wani fayil na Windows XP bisa kuskure, kwamfutoci masu yawa a duniya suka daina aiki. Saboda haka, idan ya yi maka gargaɗi, kada ka yi saurin gogewa. Ka bar fayil ɗin a ma'ajin killacewa har wani masani ya duba, domin abin da aka killace ana iya maido shi.

Lasisi

Antibirus na saye yana zuwa da lambar lasisi, galibi ta shekara 1. Ana buƙatar intanet kafin lambar ta fara aiki. Idan an ƙi karɓarta, ka duba ko ka rubuta ta daidai, ko kwanan watan kwamfutar ya kauce, ko an riga an yi amfani da ita a wata na'ura. Ka guji manhajar sata, domin ita kanta takan zo da cuta. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, Defender yana cikin Windows kyauta.

Shawara

- Ka sabunta antibirus duk lokacin da ka sami intanet, domin kullum ana ƙirƙiro sababbin cututtuka.
- Kada ka sa guda 2 a kwamfuta ɗaya.
- Ka binciki kowane kile kafin ka buɗe shi.
- Ka ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri, har da littafin rajista.

Riga-kafi ya fi magani.