Inci Goma Sha Tara a Zafin Dutse

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutoci, a banki ne ko a jami'a ko a cibiyar rubuta jarrabawar JAMB, abu biyu ne za su fara tarbarsa: doguwar kanta ta ƙarfe mai kama da kabad, da kuma ƙugi. Ƙugin ba ya yankewa dare da rana, sai ka ce injin niƙa ne aka manta a kunne a bayan gida. Kwamfutar da ke cikin kantar ita ce marubutanmu suka laƙaba wa suna uwar garke, domin ita ke riƙe da bayanai tana shayar da sauran kwamfutoci da wayoyi. Masu sana'ar kuwa saba kawai suke ce mata. Ƙugin na fankokinta ne, kuma idan aka bi salsalarsa za a tarar wani ma'auni ne ya haife shi, wanda aka yanke a Amurka shekara ɗari da suka wuce, lokacin ba a ƙera kwamfuta ba, Dutse kuma tana gunduma a ƙarƙashin Masarautar Kano.

A wajajen 1922 kamfanin tarho na AT&T ya ga na'urorin ƙara ƙarfin murya sun cika masa ofisoshi, kowace da nata girman. Sai ya tsayar da doka guda: faɗin fuskar kowace na'ura ya zama inci 19, wato milimita 482.6, tsayinta kuma a riƙa ƙirga shi hawa-hawa, kowane hawa inci ɗaya da kwata uku, wato milimita 44.45. Wannan hawan shi ake rubutawa da harafin U. Na'ura mai hawa ɗaya 1U ce, mai hawa huɗu 4U, cikakkiyar kanta kuma yawanci hawa 42 take ɗauka. Gidajen rediyo suka ari ma'aunin, sojoji suka ara, daga baya ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta rubuta shi a matsayin ƙa'ida mai lamba EIA-310. Ramukan kusoshin da ke jikin ginshiƙin kantar uku ne a kowane hawa, da tazarar da ke maimaita kanta har sama. Na'urar da aka ƙera a Sin bara za ta zauna daram a kantar da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

Da kwamfutoci suka koma zama cikin wannan kanta a shekarun 1990, sai lissafin kuɗi ya shigo. A manyan biranen Turai da Amurka ana biyan hayar wuri ne gwargwadon hawan da mutum ya cinye, don haka kowa ya dage sai ya cusa cikakkiyar kwamfuta cikin hawa ɗaya. A nan ƙugin ya samo asali. Akwatin da tsayinsa bai kai milimita 45 ba, fankar da za ta shige shi ba ta wuce milimita 40, kamar bakin ƙaramin kofin shayi. Kafin 'yar wannan fanka ta tura iskar da ake bukata, sai ta yi juyi fiye da 15,000 a minti guda. Fanka mai milimita 120 kuwa tana iya tura iska mai yawa da juyi 1,500 ko ƙasa da haka. Injiniyoyi sun daɗe da sanin dokar abin: idan aka ninka gudun fanka, iskar da take turawa ta ninka sau biyu, amma wutar da take ci ta ninka sau takwas, ƙararta kuma ta hau da kimanin desibel 15. Kunnen ɗan'adam yana jin ƙarin desibel 10 a matsayin ninki biyu na ƙara. Waɗanda suka tsara waɗannan akwatuna ba su damu ba, domin sun ƙera su ne don ɗakunan da ba mai zama a ciki, masu sanyi, masu wutar da ba ta ƙiftawa.

To, ga yadda kayan suka iso mu. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, gari mai duwatsu da dabino wanda sai da aka gina masa kusan komai na gwamnati daga tushe. Shekara goma bayan haka, a daidai lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya cikin 2001, Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya ɗauko wani buri da ya fi ƙarfin zamaninsa. Ya kafa kamfanin Galaxy ITT a Dutse domin jawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya kuma buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo. A lokacin babu wayar ƙarƙashin teku ta MainOne ko ta Glo, waɗanda sai a 2010 suka fara aiki, balle a yi zancen jawo fayiba zuwa Arewa. Ana iya jayayya a kan ko jiha mai fama da ruwan sha da makarantun firamare ta dace da irin wannan kashe kuɗi, kuma an yi jayayyar sosai. Abin da ba a musu a kansa shi ne da Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006, sunan kansa ya nuna inda tunanin ya fara tsiro. Wannan kamfani ne ya gina babbar cibiyar adana bayanai a Kano, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023.

Amma mafi yawan uwayen garken da ke aiki a tsakiyar Jigawa yau ba a irin wancan gini suke ba. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da komawar JAMB ga jarrabawa ta kwamfuta, wadda aka fara a 2013 aka kuma mai da ita dole a 2015, sun sa ƙananan ɗakunan saba sun yawaita a makarantu da cibiyoyi masu zaman kansu. Ga asibitoci masu son adana bayanan marasa lafiya, ga masu ɗaukar bidiyon biki, ga masu tura fina-finai a waya waɗanda tarin fina-finan Hausa da na Indiya ya fi ƙarfin faifai ɗaya ko biyu. Da yawansu tsofaffin na'urori suke saye, waɗanda suka gama aiki a Turai, ta hannun 'yan kasuwar titin Beirut a Kano ko na Ikeja a Legas. Farashin yana da daɗi. Sai an kai ta ofis an kunna, a gane cewa araha ba ta ado: ma'aikaci ba ya jin maganar abokin aikinsa, kuma a ɗakin nan dai zai wuni.

Matsalar Dutse ta fi ƙara zurfi, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Faifan ajiya guda mai inci uku da rabi yana cin wat 5 zuwa 10. Akwati mai faifai 24, idan aka haɗa da sauran kayan cikinsa, zai iya kai wat 400. Kafin a kwashe wannan zafi ba tare da iskar da ke fita ta ɗara mai shiga da fiye da digiri 10 ba, ana bukatar iska kimanin kubik mita 120 ta ratsa akwatin a kowace awa. Fanka kuwa ba ta sanyaya komai. Iskar ɗaki kawai take turawa. Idan ɗakin yana digiri 22, faifan zai zauna a talatin da wani abu. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Dutse kan kai digiri 40 har ya ɗara, a ɗaki mai rufin kwano da aka ɗauke wa wuta esi ya tsaya, faifan nan zai haura hamsin, alhali iyakar da masu ƙera shi suka sa ba ta wuce digiri 60 a mafi yawansu. Na'urar tana jin haka sai ta ƙara wa fankoki gudu har ƙarshe. Da hunturu kuma zafin ya sauka, sai ƙura ta karɓi aiki: ta toshe matata, ta lulluɓe haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi, fankar ta yi ta ihu tana tura iskar da ba ta wucewa.

Duk da haka, ba dole ne ɗakin ya zama firji ba. A 2007 wasu injiniyoyin Google uku suka fitar da bincike a kan faifai fiye da 100,000, suka gano cewa matsakaicin ɗumi ba ya kashe faifai kamar yadda aka daɗe ana zato, sai dai idan zafin ya haura wajen digiri 45, musamman ga faifan da ya tsufa. Shekara guda bayan haka ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta ASHRAE ta faɗaɗa shawararta daga digiri 20 zuwa 25, ta mai da ita 18 zuwa 27. Ga mai biyan kuɗin man janareta wannan ba ƙaramin labari ba ne, domin esi mai doki ɗaya da rabi kan ci fiye da wat 1,000, wato ya fi ita kanta uwar garken ci.

A nan ya kamata a tuna da wani mutumin Dutse. Mohammed Bah Abba ya kasance malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ke garin, ɗan gidan magina tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana bin jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin abin da ke ciki, har gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. Dabarar ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ilimin randa ne da kowace tsohuwa ta sani, kuma shi ne ilimin da Facebook ya yi aiki da shi a cibiyarsa ta Prineville a busasshiyar ƙasar Oregon, wadda ya buɗe a 2011: a jawo iskar waje, a tace ta, a fesa mata ruwa, a tura ta cikin kantoci. A wannan cibiya ne kuma kamfanin ya karya dokar hawa ɗaya, ya ƙera akwatunansa a hawa ɗaya da rabi domin fanka mai milimita 60 ta samu shiga a madadin mai 40. Rabin hawa kawai aka ƙara, ƙara da cin wuta suka ragu. Dabarar fesa ruwa tana aiki ne inda iska ta bushe, don haka za ta yi wa Dutse amfani a bazara, lokacin da aka fi bukatarta, ta kuma rage amfani da damina.

Ga mai neman akwatin ajiya a yau, tarihin nan yana nuna hanya a fili. Ba wanda ke karɓar hayar hawa a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu, saboda haka babu dalilin sayen 1U. Akwatin 2U yana ɗaukar fanka mai milimita 80. Na 4U, mai tsayin inci 7, yana ɗaukar mai 120, kuma wasunsu suna karɓar tukunyar wuta irin ta kwamfutar tebur, mai babbar fanka mai sanyin murya. Wannan na da muhimmanci, domin a tsofaffin na'urori 'yar fankar tukunyar wuta ce sau da yawa ta fi kowace tsiwa, kuma ita ce ba a son a taɓa. Siffar 4U ce kamfanin Backblaze ya zaɓa a 2009 da ya fitar da zanen akwatinsa kyauta ga duniya, faifai 45 a tsaye, terabayit 67 a kan dala 7,867. Sai a kula da zurfi: ƙananan kabad ɗin bango da ake sa wa na'urorin rarraba intanet ba su cika wuce milimita 600 ba, akwatin ajiya kuwa yakan fi haka tsawo, kuma nauyinsa cike da faifai yana bukatar layin zamiya.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin sauya fankoki. Mutum zai cire na asali ya sa masu shiru irin na Noctua, ɗakin ya yi tsit, ya yi murna. Abin da bai lura da shi ba shi ne fankar asali an zaɓe ta ne don ƙarfin zuƙo iska ta ƴan tsagogin da ke tsakanin faifai, mai shirun kuwa sau da yawa ba ta da wannan ƙarfi. A Jamus kuskuren zai iya wucewa lafiya. A Dutse sai bazara ta zo ake ganin sakamakonsa, bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya su tafi tare da faifan. Akwai kuma wani tarko: allon wasu na'urori, irin na Supermicro, yana da mai gadi a ciki wanda ke ɗauka fanka ta mutu idan gudunta ya sauka ƙasa da wata iyaka, sai ya tayar da dukkan sauran, su lafa, su sake tashi, kamar numfashin mai asma. Maganinsa a sauke wannan iyaka a saitin na'urar. A ganina, wanda ya bar fankokin asali masu waya huɗu, ya rage musu gudu ta saiti yana kallon ma'aunin zafin kowane faifai, ya toshe guraben faifan da ba kowa don kada iska ta bi ta nan ta gudu, yana wanke matata duk mako da hunturu, ya fi wanda ya sauya komai dabara.

Ƙarar ma ba kunne kaɗai take cutarwa ba. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa desibel 85 a matsayin iyakar wunin aiki na awa takwas, kuma kanta cike da 1U tana iya kusantar hakan. Su kansu faifan ba sa son ta, domin allurar da ke karanta bayanai tana shawagi ne a tazarar da ta fi gashi siranta sau dubbai. A 2008 injiniya Brendan Gregg na kamfanin Sun ya yi wa jerin faifai ihu da bakinsa, ma'auni ya nuna aikinsu ya yi tsaiko nan take. A Satumban 2016 kuma bankin ING ya gwada na'urar kashe gobara a cibiyarsa ta Bukares, babban birnin Romaniya. Ƙarar fitar iskar gas ɗin ta lalata faifai masu yawa, katunan cirar kuɗi na abokan hulɗar bankin suka daina aiki na kimanin awa goma.