Sake fitar da tsoffin waƙoƙi: wa ke da haƙƙin muryoyin Magarya da Dungas?

A kasuwannin gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jahar Damagaram, da wuya a rasa teburin mai tura waƙoƙi a waya. Da ƴan canji kaɗan mutum zai cika katin memori da muryar Ma'azu Ɗan Alalo, ko Mamman Shata, ko Haruna Uji, tare da wasu makaɗan karkara da ba a ma rubuta sunansu ba. Waɗannan muryoyi an ɗauke su ne shekaru arba'in zuwa sittin da suka wuce. A lokaci guda, kamfanonin Turai da Amurka na ta farautar irin waɗannan tsoffin waƙoƙi na Afirka suna sake buga su a faifai. Sana'ar ta ceto waƙoƙi da dama daga ɓacewa, amma ta haddasa gardama mai zafi a kan izini da kuɗi da suna. Ga abin da ya kamata a sani.

Me ake nufi da sake fitar da waƙa?

Shi ne a ɗauko sautin da aka naɗa tun da daɗewa, a faifan garmaho ko a kaset ko a zaren gidan rediyo, a tsabtace shi da na'ura, a sake sa shi kasuwa. Harkar ta bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Bafaranshe Francis Falceto ya fara jerin faya-fayan Éthiopiques na kiɗan Habasha a kamfanin Buda Musique. Wasu suka bi sahu: Strut ya fitar da Nigeria 70 a 2001, Miles Cleret ya kafa Soundway a Ingila a 2002, Samy Ben Redjeb kuma ya kafa Analog Africa a Jamus. Akasarinsu sun fi karkata ga kiɗan zamani na biranen bakin teku, kamar Legas da Kwatano da Akara.

Sake fitarwa iri biyu ce. Akwai wadda aka nemi mawaƙi ko magadansa aka yi yarjejeniya, akwai kuma wadda aka kwafa kawai aka sayar. Ta biyun ita ce aka fi sani a kasuwannin ƙasar Hausa tun zamanin kaset.

Daga ina tsoffin muryoyin yankin suka fito?

Magarya da Dungas, waɗanda gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011, ƙasa ce ta sarauta da noma. Gidan sarautar Magarya na da tushe a Daura, Dungas da Waca kuma na cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki. Inda akwai fada akwai kakaki da algaita da ganguna, inda akwai gona da fagen kokowa kuma akwai makaɗansu. Lokacin da gyaɗa ke tashe, musamman bayan kafa kamfanin SONARA a 1962, kuɗin kaka ya sayo akwatunan rediyo ya kuma ciyar da makaɗa. Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram da ya rasu a farkon shekarun 2000, shi ne muryar da ta fi shahara a duk jahar. Ana tuna shi da waƙoƙin sarakuna da kuma waɗanda suka taɓo wahalar da talakawa suka sha a zamanin Turawa.

Hanyoyi uku ne aka bi wajen naɗar irin waɗannan muryoyi. Ta farko ita ce ta masu bincike. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar da na'urar ɗaukar sauti, kamfanin Ocora na Faransa kuma ya buga abin da ya tattara a faya-fayai. A daidai wannan lokaci David Ames ya naɗi makaɗan ƙasar Zazzau, aka fitar da su cikin jerin faya-fayan hukumar UNESCO.

Ta biyu ita ce gidajen rediyo. Rediyon Nijar, wanda aka buɗe a 1958 kuma daga baya ya koma Muryar Sahel, ya naɗi makaɗan gargajiya da ƙungiyoyin samariya, musamman a bukukuwan matasa na ƙasa da aka soma a 1976 zamanin Seyni Kountché. A ɗaya ɓangaren iyaka, Rediyon Kaduna da na Kano sun yi irin wannan aiki, kamfanin EMI kuma ya buga faya-fayan Shata.

Ta uku, wadda ta fi yawa kuma ta fi rashin tsari, ita ce kaset. Wani ya ajiye rakoda a wurin biki ko naɗin sarauta ko dambe, daga nan kaset ɗin ya shiga hannun masu kwafa. Ta Tinkim zuwa Babura, ko ta Dungas zuwa kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, waƙa na tsallaka iyaka kamar yadda dabbobi da hatsi ke tsallakawa. Waɗannan kaset ɗin ne aka juye cikin katin memori, daga can kuma suka hau YouTube da Facebook da WhatsApp, sau da yawa ba suna, ba shekara, ba gari.

Misalin da Nijar ta gani

Labarin Mamman Sani ne ya fi fitowa fili. A 1978 ya naɗi kaset na kiɗan ogan a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Kwafi kaɗan aka buga, sai dai ƴan Nijar sun daɗe suna jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba. Bayan shekaru fiye da 30, Ba'amurke Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da kaset ɗin a gidan tarihi na Yamai. Ya nemi mai kiɗan ya same shi, suka daidaita, aka fitar da faifan La Musique Électronique du Niger a 2013. Daga nan Mamman Sani ya samu gayyata zuwa Turai.

Kafin nan, a 2011, kamfanin ya fitar da Music from Saharan Cellphones, tarin waƙoƙin da aka kwaso daga katunan wayoyi, bayan an bi sawun masu su don a biya su. Ta wannan faifai ne duniya ta fara jin Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa. A 2013 kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano.

Abin lura shi ne, Mamman Sani na da rai, shi kaɗai ya yi kiɗansa, kuma an san inda yake. Mafi yawan tsoffin waƙoƙin Magarya da Dungas ba su cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba. Nan ne gardama ke farawa.

A kan me ake gardama?

Na farko, izini. Wa zai sa hannu a madadin mawaƙin da ya rasu ya bar mata da ƴaƴa da jikoki a garuruwa daban-daban? Mai neman waƙa kan samu magaji ɗaya ya biya shi, sauran su ji labari daga baya. A duniyar masu sake buga faya-fayai, zargin da aka fi jifan juna da shi ke nan: wane ya karɓi takarda daga wanda ba shi da ikon bayarwa.

Na biyu, rabon kuɗi. Wasu kamfanoni, kamar Awesome Tapes from Africa na Brian Shimkovitz, sun bayyana cewa raba riba suke yi biyu da mawaƙi. Wasu kuma kuɗi suke bayarwa sau ɗaya a sallame su. Iyalin da ba su karanta Faransanci ko Ingilishi, ba su kuma da hanyar ganin lissafin ciniki, dole su yarda da abin da aka faɗa musu. Ƴan amshi da masu kalangu, waɗanda ba don su ba waƙar ba za ta tsayu ba, galibi ba a ma ambatarsu.

Na uku, suna da bayani. Waƙar fada cike take da sunayen sarakuna da hakimai da zambo ga abokan hamayya. Idan aka buga ta da sunan wani mawaƙi daban, ko aka ce ta Najeriya ce alhali a Damagaram aka yi ta, tarihi ne aka gurɓata.

Na huɗu, wanda ya riga rajista. YouTube na da tsarin da ke gane sauti ya kai kuɗin talla ga wanda ya yi rajistarsa a matsayin nasa. Saboda haka wanda ya kwafi kaset zai iya cin moriyar waƙa, har ma ya sa a toshe wanda jikan mawaƙin ya ɗora.

Masu kare sana'ar na da tasu hujja: da ba su kashe kuɗi sun nemo sun gyara ba, da waƙoƙin sun ruɓe a kwali. Masu tura waƙa a kasuwa su ma za su ce su ne suka sa matasa suka san Ɗan Alalo. Akwai gaskiya a maganar, amma adana abu ba ya mayar da shi mallakar wanda ya adana.

Me doka ta ce?

Nijar ta yi dokar haƙƙin mallakar fasaha a 1993, ta sabunta ta a watan Disamba na 2010. Hukumar da ke kula da wannan fanni ita ce BNDA, wadda aka kafa a 1995. Ita ke rajistar ayyuka, ta karɓi kuɗi daga masu amfani da su ta raba wa masu haƙƙi.

A waƙa guda da aka naɗa, doka na ganin haƙƙi uku: na wanda ya ƙirƙiri waƙar, na waɗanda suka rera ko suka kaɗa, da na wanda ya ɗauki nauyin naɗar sautin, wato kamfani ko gidan rediyo. Ke nan mallakar kaset ba mallakar waƙa ba ce, kamar yadda riƙe hoton gona ba ya ba mutum gonar. Haƙƙin mai ƙirƙira ba ya mutuwa da shi. Yarjejeniyar Berne, wadda Nijar ke ciki tun farkon shekarun 1960, ta ce a kare shi aƙalla shekaru 50 bayan rasuwarsa, magada ne kuma ke cin gajiyarsa. Kiɗan da ba a san wanda ya fara shi ba, irin na gaɗa ko na noma, doka ta sa shi cikin kayan gadon al'umma, kuma mai son yin kasuwanci da shi sai ya nemi izini.

Al'ada kuwa wani kallo take yi wa abin. Mawaƙin fada ya riga ya karɓi doki da riga da hatsi daga ubangidansa, don haka a idon mutane da yawa waƙar ta sarki ce ko ta gidan sarauta. Doka ba ta san wannan mallaka ba, amma duk wanda ya yi watsi da ita zai gamu da fushin fada.

Iyaka ma na ƙara dagula lamarin. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai cibiya a Yawunde, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangui ta 1977. Najeriya ba ta ciki. Tana da hukumarta ta NCC da sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023. Duk da haka ƙasashen biyu na cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta wajabta wa kowace ta kare aikin ɗan ɗayar kamar na ɗan ƙasarta. A takarda, magajin makaɗin Dungas na da ikon bin haƙƙinsa a Kano. A aikace, sai yana da shaida da kuɗin lauya.

Tarihi ya nuna cewa haƙƙi na iya dawowa ko da an makara. Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya naɗi waƙar Mbube a 1939, ya rasu cikin talauci a 1962, alhali waƙar na samar da dukiya a Amurka. Sai a 2006 magadansa suka cim ma sulhun da ya ba su kaso, bayan ƙarar da suka shigar.

Me ya sa abin ke da gaggawa?

Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da damshin damina. Yana manne wa juna, ya yi fumfuna, sautin ya dusashe. Na'urorin kunna shi ma na ƙarewa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa nan da ƴan shekaru kaɗan samun injin da zai karanta tsohon zare zai yi wuya. Ƙasar Gini ta nuna abin da za a iya yi: tsakanin 2008 da 2013, mai bincike Graeme Counsel, da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya, ya juye waƙoƙi fiye da 9,000 na gidan rediyon Konakiri zuwa kwamfuta, aka kuma bar asalin zaren a ƙasar. A Nijar, cibiyar kiɗa ta CFPM Elhaji Taya da ke Yamai da ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa su ne wuraren da suka fi dacewa da irin wannan aiki.

Abin da ya fi zare saurin ƙarewa shi ne mutanen da za su iya cewa muryar wane ce, a gidan wa aka yi waƙar, kuma a wace shekara. Ƴan amshin da suka rage a Bande da Waca da Malawa da Dogo-Dogo tsofaffi ne.

Me magada za su iya yi?

Iyalin da ke da tsohon kaset su ajiye shi a inuwa, nesa da damshi, su daina yawan kunna shi. Su juye sautin zuwa kwamfuta, su riƙe asalin a hannunsu. Su rubuta sunan mawaƙi da na ƴan amshi da garin da shekarar tun masu sani na raye. Magada su zaɓi wakili ɗaya da yardar kowa a rubuce, su kai ayyukan BNDA a yi musu rajista. Idan wani ya zo neman waƙa, ko daga Kano ko daga Turai, a nemi takardar da ta faɗi waɗanne waƙoƙi ne, na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, da kason da za a biya da lokacin biya. A fassara ta da Hausa kafin a sa hannu. Ba da izini na ƴan shekaru ya fi sayarwa baki ɗaya, domin gonar da aka ba da aro tana dawowa, wadda aka sayar kuwa ta tafi.