Babbar Ruga: Daga Sansanin Kutare Zuwa Asibitin Masu Yoyon Fitsari

Wanda ya fita daga birnin Katsina ta hanyar Batsari ba zai yi nisa ba zai iske Babbar Ruga. A yau cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya da ke yi wa mata aikin yoyon fitsari, kuma tana cikin mafi shahara a Afirka ta Yamma. Amma dattawan ƙasar Katsina da Daura da arewacin Kano, har zuwa nan Ɗambatta, asibitin kutare suka fara saninta da shi. Ba a rushe wancan aka gina wannan ba. Fili ɗaya ne, kuma a cikin gine-ginen da aka gada aka soma sabon aikin. Abin da ya haɗa zamanin biyu shi ne mazauni: tun farko an kafa wurin ne domin mutum ya zo ya zauna, ba ya karɓi magani ya juya gida ba.

Bahaushe bai saba korar kuturu daga gari ba. Yana barinsa a bakin kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a da ƙoƙon bara, har ma manyan garuruwa suna naɗa Sarkin Kutare. Dabarar ware masu cutar a sansani ta zo ne da likitocin mulkin mallaka, kuma En'e-En'e suka fara gwada ta, kamar yadda ta Kano ta yi a Sumaila. Aikin ya fi ƙarfinsu: ba likita, ba ƙwararrun ma'aikata. A gefe guda kuma ga mishan ɗin SIM, wadda ta daɗe tana neman ƙofar shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, gwamnatin Turawa tana hana ta. Bukatun biyu suka haɗu a ƙarshen shekarun 1930, aka danƙa wa SIM sansanonin larduna: Yadakunya a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Albert Helser, wanda ya yi aiki a Garkida kafin nan, yana cikin jagororin shirin. En'e ke ba da fili da kuɗi, mishan ke kawo likita da ma'aikatan jinya. Sarakuna ba su shiga da ido rufe ba, sun san abin da ya kawo 'yan mishan, shi ya sa aka gindaya sharuɗɗa kan wa'azi, kuma maganar yaran da ke girma a hannun mishan ta daɗe tana jawo saɓani.

Maganin wancan lokaci allurar man wata bishiya ce ta ƙasar Indiya, ga zafi ga jinkiri, mutum ya yi shekaru ana tsira masa ita ba tare da tabbacin warkewa ba. Wanda zai yi shekaru a wuri kuwa dole ya sami ɗakin kwana, da abin da zai ci, da abin yi. Don haka sansanin ya zama ƙauye. Aka yi ɗakuna da rijiyoyi, aka yanka gonaki, masu sauran ƙarfi suka yi noma, wasu suka koyi wanke gyambo da ɗaure shi har suka zama mataimakan ma'aikata. Aka yi aure a ciki, aka haifi 'ya'ya. Da yawa daga waɗanda aka sallama ba su koma garuruwansu ba, suka kafa gidaje a gefen asibitin, kuma zuriyarsu na nan har gobe, a Babbar Ruga da Yadakunya da Amanawa.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan tsari ƙwayar magani ce. A ƙarshen shekarun 1940, Dokta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, can gabashin Nijeriya, cewa ana iya shan maganin dapson da baki, ga araha ga aiki. Cikin shekarun 1950 aka baza shi a ƙananan asibitocin karkara a faɗin Jihar Arewa, mai kuturta ya riƙa karɓa yana zaune a gidansa. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin asibitocin mishan, Babbar Ruga ta koma hannun hukuma. Sai kuma a 1981 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku, abin da ya mayar da jinyar ta zama ta watanni maimakon ta tsawon rai. Gadaje suka fara zama babu kowa. Wurare irin wannan da yawa a nan suka mutu: kwano ya yaye, ciyawa ta cinye, masu ido da fili suka yanka.

A 1983 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya sauka Babbar Ruga domin aikin kuturta. Bai daɗe ba ya lura da wasu marasa lafiya da ba don su aka kafa wurin ba, matan da fitsari ke zubo musu dare da rana ba su da ikon riƙe shi. A 1984 ya fara yi musu aiki.

Ya kamata a faɗi yadda lalurar ke samuwa, domin har yanzu akwai masu ɗora ta a kan iska ko sammu ko kishiya. Mace ce ke kwana biyu, uku, tana naƙuda a ɗaki, kan jariri ya tsaya a ƙugu ya kasa wucewa. Yana danne naman da ke tsakaninsa da ƙashi har jini ya daina isa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, sai ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, wani lokaci har da hanyar bayan gida. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Wata ma jijiyar ƙafarta ke taɓuwa, ta koma jan ƙafa. Wani bincike da aka buga a 1983 kan mata 1,443 da aka duba a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya gano cewa kusan kashi 84 cikin ɗari doguwar naƙuda ce sanadinsu, kusan kashi 13 kuma yankan gishiri, wanda ungozoma ko wanzami ke yi da aska. Abin da ke biyo baya kowa a karkararmu ya sani. Zani ba ya bushewa, wari ya hana ta shiga taron suna da biki, ta riƙa shakkar sallarta, a ware mata kwano. Miji ya ce ta je gida ta yi jinya, daga nan takarda ta biyo baya. Yarinya ce sau da yawa, haihuwar fari, ta rasa ɗa ta rasa aure cikin wata guda.

A ganina, abin da ya sa aikin ya kama ƙasa a Babbar Ruga ba ƙwarewar likita kaɗai ba ce, ko da yake ba a musun ta. Babban asibitin birni yana ƙirga gado ne da kwanaki: a yi aiki, a cire zare, a sallama, wani ya hau. Mai yoyon fitsari ba ta shiga wannan lissafi. Tana zuwa daga nesa, sau da yawa ba tare da kuɗin komawa ba. Wata sai an yi makonni ana ciyar da ita kafin jikinta ya iya ɗaukar tiyata. Bayan aikin za ta zauna da robar fitsari na makonni tana shan ruwa da yawa, a ci gaba da dubawa ko ɗinkin ya kama, sannan a hana ta kwanciyar aure na wasu watanni. Idan aikin farko bai yi ba, ta jira na biyu. Ina za ta yi duk wannan zaman? Tsohon sansanin kutare yana da amsar tun asali: fili, ɗakuna, madafa, da ma'aikatan da suka saba da majinyacin da zai daɗe kuma ba sa ƙyamar miki. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar magani. Matar da ta shekara tana ɓoye a bayan ɗaki, tana zaton ita kaɗai aka jarabta, ta shigo ta tarar da 'yan'uwanta mata masu yawa suna hira, suna kitso, suna wanki, ba mai toshe hanci.

Waaldijk ya daidaita aikinsa da halin wurin. Yana kashe rabin jiki da allurar baya maimakon sa barci gaba ɗaya, yana gyara ta hanyar haihuwa ba tare da yanka ciki ba, da kayan aiki kaɗan. Ya kuma nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da zarar yoyon ya fara, aka bar ta makonni, ƙaramar ɓula kan iya rufewa ba tare da wuƙa ba. Tsarin da ya fitar na rarraba nau'o'in lalurar yana cikin waɗanda likitoci ke amfani da su a duniya. Ayyukan da ya yi da hannunsa sun haura 20,000, amma abin da ya fi wannan daraja shi ne likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da ya horar.

Daga nan aikin ya yi rassa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 asibitin ya zama nata. A Kano, ƙungiyoyin mata ne suka tsaya tsayin daka, Hajiya Amina Sambo tana gaba, har aka sami Cibiyar Laure a cikin Asibitin Murtala, da masaukin Kwalli inda mata ke zama kafin aiki da bayansa. Aka buɗe cibiyoyi a Sakkwato da Birnin Kebbi da Gusau da Zariya da Jahun. A 2005, cikin shirin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, an yi wa mata fiye da 500 aiki cikin mako biyu a Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi. Cikin shekarun 2010 Gwamnatin Tarayya ta karɓi Babbar Ruga ta mayar da ita cibiyar ƙasa, tare da ta Abakaliki da ta Ningi. A Nijar ma an bi irin wannan sawu: a Danja, kusa da Maraɗi, cikin harabar asibitin kutare na SIM aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012.

Ɗambatta tana da nata rabon a wannan tarihi, kuma ya cancanci a riƙa tuna shi. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar FORWARD, ƙarƙashin Dokta Rahmat Hassan Mohammad, ta kafa cibiya a garin, wadda ta ɗauki ɓangaren da ɗakin tiyata ba ya iya yi. Mace tana zama watanni bayan an yi mata aiki, ana ciyar da ita, ana koya mata karatu da rubutu da sana'ar hannu, ta koma gida da abin dogaro da kai. Hikimar a fili take. Idan aka ɗinke mace aka mayar da ita ƙauyen da ta fito, ba jari, ba ilimi, ba mota idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, ciki na gaba zai iya warware duk abin da likita ya yi. Akwai kuma waɗanda ɓarnar ta yi yawa, ba sa warkewa ko sau nawa aka gwada. Asibitin yoyon fitsari da Reginald da Catherine Hamlin suka kafa a Adis Ababa a 1974 ya ware wa irinsu ƙauye guda, Desta Mender, inda suke zaune suna aiki. Mu a nan, yawancinsu bara ce makomarsu.

Ɗakin tiyata yana da masu so. Ana iya ɗaukar hotonsa, a yanka kyalle, a ƙirga mata nawa aka yi wa aiki. Masauki kuwa hidima ce ta kullum: hatsi, itace, sabulu, ruwa, albashin uwar ɗaki da mai gadi. Shi ya sa yake fara lalacewa da zarar kuɗin masu tallafi ya ƙare. Kuma wannan ba aikin Abuja ba ne. Ƙaramar hukuma ce ta san inda tsohon ɗakin shan magani yake a kulle, da gidan ma'aikata da ba kowa a ciki, ita ce ta san wace 'yar wa ce, tare da dagatai da masu unguwanni. A ƙasa irin tamu mai cike da ƙauyuka a jere, daga Ajumawa zuwa Gwarabjawa, daga Saidawa zuwa Fagwalawa, 'yan ɗakuna kusa da Babban Asibitin Ɗambatta za su yi aiki biyu. Mai ciki da ake yi wa fargaba, musamman 'yar fari da wadda aka taɓa yi wa aiki, ta zo ta zauna makonnin ƙarshe kusa da likita. Wadda ta dawo daga Kano ko Katsina da sabon ɗinki ta sami inda za ta murmure kafin ta koma gida.

Ina kira ga majalisar ƙaramar hukumar Ɗambatta, da maƙwabciyarta ta Makoɗa, da Ma'aikatar Lafiya da ta Harkokin Mata ta Jihar Kano, su ƙidaya gine-ginen hukuma da ke zaune babu amfani, su zaɓi wanda ya fi kusa da asibiti su gyara, su kuma sa kuɗin abinci da ma'aikatansa cikin kasafin kowace shekara. Kai kuma maigida, idan iyalinka ta wuni ta kwana tana naƙuda ba ta sauka ba, kada ka jira wayewar gari na biyu. Nemi mota.