Ciro rubutu daga tsakanin alamomi biyu a harshen C

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs a farkon shekarun 1970, bai zo da regex a cikinsa ba. Regex wani gajeren tsari ne da ake rubutawa don kwamfuta ta laluɓo abin da ya dace da shi a cikin rubutu. Da Faransanci ana ce masa expression régulière. A Linux da macOS ana samunsa ta fayil ɗin regex.h na ƙa'idar POSIX: regcomp ke shirya tsarin, regexec ke laluɓe, regfree kuma ke mayar da ma'ajiyar da aka ara.

A ɗauki jimlar "[Zinder] da [Maraɗi]", ana son sunayen da ke cikin baka. Yawancin sababbin masu koyo kan rubuta \[.*\], sai su ga an kwaso jimlar gaba ɗaya, tun daga bakan farko har na ƙarshe. Dalili shi ne POSIX kullum mafi tsawon abin da ya dace yake ɗauka. Dabarar .*? da aka saba da ita a Perl ba ta cikin wannan ƙa'ida. Mai son ta sai ya koma ga PCRE, wanda Philip Hazel ya fitar a 1997.

Maganin shi ne a ce a kwashi komai ban da alamar rufewa: \[([^]]*)\] tare da REG_EXTENDED. Cikin lambar C dole a ninka kowace \, wato "\\[([^]]*)\\]".

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne sakamakon. regexec ba ya miƙo rubutun, lambobi biyu kawai yake bayarwa: rm_so inda ya fara, rm_eo inda ya tsaya. Gurbi na 0 duka abin ne har da baka, gurbi na 1 shi ne sunan zalla. Mai shirin ne zai kwafe shi da memcpy, ya rufe da '\0', sannan ya matsa gaba gwargwadon rm_eo don neman na biyu.

Lambobin nan bayit suke ƙirgawa. A UTF-8 harafin ɗ bayit biyu ne, haka ƙ da ɓ, don haka "Maraɗi" haruffa 6 ne amma bayit 7. Wanda ya ware wuri da ƙirgen haruffa zai yanke sunan ko ya ɓata ma'ajiya.

Idan baka na cikin wani baka, kamar "[a[b]c]", regex na POSIX ba zai iya haɗa kowanne da abokinsa ba. Sai an bi rubutun harafi-harafi ana ƙirga zurfi.