Takobin Japan: Kwaikwayo da Jabu a Tarihin Wata Sana'a

Gabatarwa

A watan Disamba na shekara ta 1945, Tokugawa Iemasa, magajin gidan da ya mulki Japan shekara fiye da 250, ya kwashi takubban gidansu ya kai ofishin 'yan sanda na unguwar Mejiro a birnin Tokiyo. Ya yi haka ne bisa umurnin sojojin Amurka waɗanda suka mamaye ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka ce kowa ya kawo makaminsa. Cikin takubban nan akwai wanda ake kira Honjo Masamune, wanda Gwamnatin Japan ta lissafa cikin manyan kayan tarihin ƙasa. Tun daga farkon 1946 ba a sake sanin inda ya shiga ba.

Abin da ya sami wannan takobi ya sami dubban waɗansu. Duk da haka sana'ar ƙira su ba ta mutu ba. Har yau mutum yana iya zuwa wurin maƙeri a Japan ya ba da aikin takobi, a ƙera masa irin yadda ake yi shekara 700 da suka wuce. Abin da ya kawo haka abu biyu ne: al'adar kwaikwayon aikin magabata a fili ba tare da yaudara ba, da kuma masu tara takubba waɗanda suka yarda su biya kuɗin wannan aiki. Domin a gane haka, sai a fara da yadda ake ƙirar.

Yadda Ake Ƙira

Japan ba ta da wadatar tama ta dutse, saboda haka maƙeranta suka dogara ga baƙin yashi mai ƙarfe. Akan gina murhu na yumɓu, wanda suke kira tatara, a riƙa zuba yashin da gawayi bi da bi har kwana 3, dare da rana. Tan 10 na yashi da tan 12 na gawayi sukan ba da curin ƙarfe na wajen tan 2 da rabi. Sa'an nan sai a rushe murhun a fitar da curin, a farfasa shi, a zaɓi mafi kyau. Shi ne ake kira tamahagane.

Wannan ƙarfe ba tatacce ba ne, don haka maƙeri yakan gasa shi, ya buga, ya ninka, ya sake bugawa. Ninki 15 yana ba da falle 32,768. Manufar ninkin ita ce a fitar da dauɗa, ƙarfen kuma ya daidaita. Bayan haka sai a naɗe ƙarfe mai taushi cikin mai tauri, domin mai tauri shi ke riƙe kaifi, mai taushi kuwa shi ke hana karyewa. Daga nan a shafe ruwan takobin da yumɓu, da kauri a gadon bayansa, shafi kaɗan a bakinsa, a gasa, a tsoma cikin ruwa. Bakin yakan huce nan da nan ya yi tauri, bayan kuwa ya huce a hankali. Wannan ne ke ƙara wa takobin lanƙwasa, ya kuma bar wani zane mai kama da igiyar ruwa a gefen kaifinsa. Masana sukan dubi zanen nan da tsarin jikin ƙarfen su faɗi zamanin takobi da lardin da aka yi shi, wani lokaci har da sunan maƙerin.

Maƙeri ba ya gama aikin shi kaɗai. Akwai mai wasawa, wanda kan yi mako 2 ko fiye a kan takobi guda da duwatsu iri iri. Akwai mai sassaƙa kube, da mai naɗa ƙota, da mai ƙera ƙarfen da ke kare hannu. Watau takobi ɗaya yana ciyar da gidaje da dama, in kuwa ya rasa mai saye duk su ne za su tagayyara.

Daga Fagen Fama Zuwa Taska

Takobi mai lanƙwasa ya bayyana a Japan wajen ƙarni na 10. Zamanin Kamakura, daga 1185 zuwa 1333, shi ne masana suka ɗauka ƙirar ta kai ƙololuwa. A farkonsa ne Sarki Go-Toba ya riƙa kiran gwanayen maƙera fadarsa, a ƙarshensa kuwa aka yi Masamune na lardin Sagami, wanda sunansa ya fi na kowa shahara.

A 1588 Toyotomi Hideyoshi ya ba da umurni a ƙwace makamai daga hannun manoma. Ya ce za a narka su ne a yi ƙusoshin ginin wani babban gunkin Buda a Kiyoto, alhali kuwa abin da yake nufi shi ne ya kashe hanyar tawaye. Da gidan Tokugawa ya karɓi mulki a 1603, ƙasa ta zauna lafiya, sai rataya takubba biyu, dogo da gajere, ya zama alamar barade waɗanda ake kira samurai. Takobi ya koma abin kyauta tsakanin sarakuna da abin gado. Nan ne tarawa ta fara sosai. Wani gida mai suna Hon'ami ya riƙe aikin duba takubba yana ba da takardar shaida mai ɗauke da sunan maƙeri da kimar kuɗi. A 1719, bisa umurnin Shogun Yoshimune, aka rubuta kundin shahararrun takubban ƙasar.

Inda duk abu ya yi daraja, jabu ba ya nisa. Waɗansu sukan sassaƙa sunan babban maƙeri a gindin takobin da ba nasa ba, a sayar wa wanda bai sani ba. Wannan shi ne gimei, watau sa hannu na ƙarya. Amma a gefe guda akwai abin da suke kira utsushi. Maƙeri yakan zauna gaban tsohon takobi ya auna tsawonsa da faɗinsa da lanƙwasarsa, ya yi ƙoƙarin fitar da irin zanensa, sa'an nan ya sa sunan kansa da shekarar da ya yi aikin. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, maƙerin kirki kuwa shi da kansa ke fara faɗin haka. Suishinshi Masahide, wanda ya rayu daga 1750 zuwa 1825, ya ga takubban zamaninsa sun zama na ado, sai ya yi kira a koma ga hanyar magabata. Ya rubuta littattafai, ya tara almajirai masu yawa, kuma kwaikwayo ne makarantarsu.

Faɗuwa Biyu

Bayan an kawar da mulkin Tokugawa a 1868, sabuwar Gwamnati ta kafa soja irin na Turawa. A 1876 ta hana rataya takobi sai ga soja da 'yan sanda da masu sanye da kayan fada. Maƙera da yawa suka koma yin wuƙaƙe da almakashi da kayan noma. 'Yan kaɗan ne suka dage, da taimakon fada da attajirai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Gassan Sadakazu na Osaka, gwanin kwaikwayon hanyoyin dā, wanda aka naɗa cikin gwanayen fadar Sarki a 1906.

Da Japan ta shiga yaƙe-yaƙenta na Asiya, sai takobi ya dawo, amma ta mummunar hanya. An sa kowane hafsa ya rataya shi. An kafa maƙera a wurin bauta na Yasukuni a 1933, wadda ta ƙera wajen takubba 8,000 ta hanyar gargajiya kafin 1945, amma galibin takubban soja na masana'anta ne, da ƙarfen injin. Bai kamata a ɓoye ba cewa an yi amfani da su wajen kashe fursunoni da talakawan da ba su ji ba su gani ba, a ƙasar Sin da waɗansu wurare. Sojojin Nijeriya da suka yi Yaƙin Bama sun kara da rundunar da hafsoshinta ke ɗauke da irin takubban nan.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Amurkawa suka ɗauki takobi alamar zalunci. A 1945 suka hana ƙira, suka tattara takubba, aka narka waɗansu, aka zuba waɗansu cikin teku, sojoji kuma suka tafi da masu yawa gida a matsayin tsaraba. Masana irin su Honma Junji suka yi ta roƙo a bambanta makamin soja da kayan fasaha, har aka saurare su. A 1948 aka kafa ƙungiyar kiyaye takubban fasaha ta Japan. A 1953 aka sake yarda a yi ƙira, bisa sharaɗin cewa abin da za a ƙera kayan fasaha ne. Waɗansu dubban takubba da aka tara a ma'ajiyar Akabane sun daɗe a hannun Gwamnati, sai a 1999 aka raba fiye da 3,000 ga gidajen kayan tarihi.

Dokar Yau da Mai Ba da Aiki

Wanda ke son zama maƙerin takobi a Japan sai ya yi shekara 5 yana koyo a hannun mai lasin, sa'an nan ya ci jarrabawar hukumar al'adu ta Gwamnati. In ya sami izini, ba a yarda ya wuce dogayen takubba 2 ko gajeru 3 a wata ba. Kowane takobi sai an yi masa rajista a hukumar ilmi ta lardi, takardar kuma tana bin sa duk inda ya je. Da ƙarfen gargajiya ya yi wuya, ƙungiyar nan ta 1948 ta sake hura murhun tatara a lardin Shimane cikin 1977, kuma daga nan galibin maƙera ke samun ƙarfensu.

Tun da yake an taƙaita yawan abin da maƙeri zai yi, abincinsa ya rataya ne a kan mai ba da aiki. Wani yakan nemi takobi daidai tsawon hannunsa don wasan zare takobi. Wani yakan sa a yi wa 'yarsa 'yar wuƙa ta aure. Wani kuwa yakan ce a kwaikwayo masa wani shahararren takobi da ke gidan tarihi. Yakan jira watanni, ko shekara da ɗoriya, ya biya yen miliyan 1 ko ninkinsa da yawa. Da kuɗin nan ne maƙeri ke sayen gawayi ya kuma riƙe almajiri.

Akwai misali biyu da ke nuna matsayin kwaikwayo a ƙasar. Na farko shi ne babban wurin bauta na Ise, wanda ake sake ginawa kowace shekara 20, al'adar da ta faro tun wajen shekara ta 690. Duk lokacin da aka sake ginin, sai an sake ƙera kayansa, har da takubba, daidai yadda na dā suke. An yi karo na 62 a 2013. Shekara 20 ta isa wanda ya yi aikin yana yaro ya sake yinsa yana gwani, ya kuma koya wa na baya. Na biyu shi ne takobin Hotarumaru na wurin bauta na Aso, wanda ya ɓace bayan 1945. A 2015 waɗansu maƙera suka nemi gudummawar jama'a ta intanet don su ƙera kamarsa. Suka sami wajen yen miliyan 45, ninki da yawa na abin da suka nema, da taimakon matasan da wani wasan kwamfuta mai suna Touken Ranbu ya sa musu sha'awar takubba. A 2017 aka miƙa sabon takobin ga wurin bautar.

Kasuwar Waje

Takubban da sojoji suka kai Amurka sun ƙara yawan masu tarawa a can. A 1992 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da tarin Dokta Walter Compton a birnin Niyok kan miliyoyin daloli. A Japan ɗin ma birnin Setouchi ya biya yen miliyan 500 a 2020 ya sayi takobin Sanchomo, domin ya koma lardin da aka ƙera shi.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa yana da nasa. A garin Seki ana yin takubban motsa jiki marasa kaifi da haɗin ƙarfe mai sauƙin nauyi. A garin Longquan na ƙasar Sin ana ƙera dubbai da ƙarfen masana'anta, har mai saye ya zaɓi tsawo da launin kube. Ba laifi ba ne a yi su ko a saye su, muddin an faɗi abin da suke. Laifin yana wurin mai zana igiyar kaifi da ruwan batir, ya sa wa ƙarfe tsatsa da gangan, ya ce ganimar yaƙi ce. Doka ma tana bin wannan bambanci. Japan ba ta yi wa takobin masana'anta rajista, Ingila kuma ta hana cinikin dogayen takubba masu lanƙwasa a 2008, amma ta keɓe waɗanda aka ƙera ta hanyar gargajiya.

Kammalawa

Darasin da ke cikin tarihin nan ya shafi duk wanda aka ɗora wa alhakin kayan tarihi. Gidan adanawa yana iya kiyaye takobi daga tsatsa, amma ba ya iya kiyaye sanin launin da ƙarfe ke yi in ya isa tsomawa cikin ruwa. Wannan sani a ido da hannun maƙeri yake, kuma yana ɓacewa da zarar aka yi zamani guda ba a ƙera kome ba. Japan ta rasa Honjo Masamune, amma ta riƙe sana'ar, domin ta yi mata doka, ta samar mata ƙarfe, ta kuma girmama mai kwaikwayon da ke sa sunan kansa. Abin da ya rage mata shi ne maƙeran suna raguwa, almajirai kuma ba su da yawa, gama shekara 5 ta koyo ba albashi ba ƙaramin abu ba ce. Makomar sana'ar tana ga ko za a ci gaba da samun masu ba da aiki da masu zama a koya musu.